Lens ɗaya, hukunci biyu: gwajin kaifi a kan sensa da a kan fim 4×5

Lens ɗin da wannan bayani ya shafa mai tsawon milimita 150 ne, f/5.6 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke ratsawa a cikin lens: idan lambar ta ƙaru, ƙofar ta tsuke), irin wanda kusan duk mai babbar kyamara ta fim 4×5, wato fallen fim mai inci 4 da inci 5, yake farawa da shi. Gilasai shida ne a rukuni huɗu, rabi a gaban marufin haske, rabi a bayansa. Schneider da Rodenstock a Jamus, Nikon da Fuji a Japan, duk sun ƙera irinsa, kuma da'irar hoton da suke jefawa idan an tsuke su zuwa f/22 takan kai faɗin milimita 210 zuwa 230, alhali fim 4×5 daga kusurwa zuwa kusurwa wajen milimita 154 ne. Wannan rarar ce ke ba mai hoto damar ɗaga gaban kyamara ko gusar da bayanta ba tare da duhu ya ci masa kusurwa ba.

Mai shi abokin sana'ata ne. Ya daɗe yana ɗaukar gine-gine da shi, yana buga hotunan a girman inci 16×20, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa gaban bugun ya ce da sauran gyara. Da ya mallaki kyamarar dijital mai sensa milimita 44×33, wato ɗan allon da ke karɓar haske a maimakon fim, irin sensar nan mai fiksel (ɗigon hoto) miliyan 102 da ta fito a Fujifilm GFX 100 a 2019, sai ya samo adafta ya ɗaura ta a bayan babbar kyamarar, a gurbin da mariƙin fim ke shiga. Ya manna shafukan jarida a bango, ya tsuke lens ɗin zuwa f/22 yadda hannunsa ya saba, ya ɗauka, ya buɗe hoton a kwamfuta ya kai shi ɗari bisa ɗari. Abin da ya gani ya ɓata masa rai. Haruffa duk sun yi dishi-dishi, baƙi bai yi baƙi ba, kuma ɓangaren hagu ya fi na dama lalacewa.

"Malam," in ji shi, "ashe shekara da shekaru fim ne ke rufa wa lens ɗin nan asiri. Rabuwa zan yi da shi."

Na ce ya dakata tukuna, domin hoton da ya nuna mini ya tara matsaloli da dama a wuri guda, kuma lens ɗin ɗaya ne kawai daga cikin waɗanda ake tuhuma.

Girman da ake kallo

Kafin mu taɓa kyamara, lissafi muka fara yi a takarda. Fiksel ɗaya a wannan sensa faɗinsa maikiron 3.76 ne, maikiron kuwa ɗaya cikin dubu ne na milimita. Fiksel na allon kwamfuta na yau da kullum wajen rubu'in milimita ne. Idan aka ce ɗari bisa ɗari, ana nufin kowane fiksel na sensa ya hau fiksel ɗaya na allo, wato an ƙara girman abin da lens ya zana fiye da sau 60. Hoton mai fiksel 11,648 a kwance ya zama hoto mai faɗin kusan mita 3, kuma mutum yana kallonsa fuskarsa ba ta wuce kamu biyu daga allon ba. Da za a yi wa nagetif ɗin 4×5 irin wannan ƙari, faɗinsa zai haura mita 7. Bugun da abokina ya saba yi kuwa, 16×20, sau 4 ne kacal. Bai taɓa kallon fim ɗinsa a sau 60 ba, don haka abin da ya kwatanta ba sensa da fim ba ne. Sau 60 ya kwatanta da sau 4.

Sai maganar f/22. Haske idan ya ratsa ƙaramar ƙofa yakan bazu daga bakinta. Wannan ɗabi'ar haske ce, ba kuskuren maƙeri ba, kuma babu lens a duniya da ya kuɓuta daga gare ta. Ɗigon haske guda, ko da gilashin ba shi da aibi ko ɗaya, yakan sauka ne a matsayin ɗan faifai, wanda ake kira da sunan George Airy, masanin taurari ɗan Ingila da ya fitar da lissafinsa a 1835. Faɗin faifan shi ne 2.44 sau tsawon zangon hasken sau lambar f. Da koren haske mai maikiron 0.55, a f/22 faifan ya kai kusan maikiron 30. A f/11 wajen 15 ne, a f/8 wajen 11. To maikiron 30 a wannan sensa fiksel 8 ke nan a jere. Sensar tana iya rarrabe tagwayen layi, wato baƙi ɗaya da fari ɗaya, har 133 a milimita guda, amma a f/22 haske kansa ba ya iya kawo mata fiye da tagwaye 80 da 'yan kai, kuma tun daga wajen 68 bambancin baƙi da fari ya riga ya dushe sosai. Ko lens mafi tsada aka sa a wannan ƙofa, dishi-dishin nan zai gani.

Me ya sa f/22 ba ta taɓa cutar da shi a fim ba? Maikiron 30 sau 4 ya zama milimita 0.12 a takarda, daidai inda idon mutum yake fara kasa rarrabewa idan ya riƙe hoto a nesan karatu. Sensar 44×33 kuwa sai an ƙara ta kusan sau 12 kafin ta cika takardar 16×20, sai faifan ya zama milimita 0.36, wanda ido ke gani ƙarara. Masu hoton da suka kafa ƙungiyar f/64 a Kalifoniya a 1932 sun fi haka tsukewa, kuma Edward Weston, ɗaya daga cikinsu, yakan ɗora nagetif 8×10 kai tsaye a kan takarda ne ba tare da ƙari ba. A f/64 faifan ya kai maikiron 86, amma tunda ba a ƙara shi ko sau ɗaya ba, ido ba ya kama shi. Babban fim yana yafe tsukewa ne saboda girmansa.

Wannan ya warware laushin da ya game hoton gaba ɗaya. Bai warware dalilin da hagu ta fi dama muni ba, bai kuma warware baƙin da ya koma toka-toka ba.

Sake gwaji a kan sensa

Maganar hagu da dama ita ce ta fi damun sa, domin ya san lens ɗin da gilasansa suka goce daga tsakiya haka yake yi. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. Muka buɗe ƙofa zuwa f/8, muka ɗauka. Sannan muka kwance zoben da ke riƙe lens a allonsa, muka juya lens ɗin rabin zagaye, sama ta koma ƙasa, hagu ta koma dama, muka ɗaure muka sake ɗauka ba tare da an motsa komai ba. Da aibin a cikin gilashi yake, da ya bi lens ɗin ya koma dama. Bai koma ba. Hagu ce dai ta ci gaba da yin laushi. An bar jaki ana dukan taiki.

Karkata ce a bayan kyamara. Babbar kyamara an yi ta ne don gabanta da bayanta su motsa, kuma alamar sifiri da ke jikinta an yi ta daidai da haƙurin fim. Nauyin kyamarar dijital da aka rataya a adafta ya ja bayan ya ɗan juya, abin da ido ba zai gani ba ko an ƙura. Rabin digiri ya isa. Daga tsakiyar sensa zuwa gefenta milimita 22 ne, kuma rabin digiri a wannan nisa yana gusar da gefen kusan milimita 0.19 daga inda hoton ya tsaya. Girman hazon da hakan ke haifarwa shi ne wannan gocewar a raba ta da lambar f, wato a f/8 maikiron 24, fiksel shida da wani abu. Irin wannan rabin digirin a fim 4×5, inda gefe yake milimita 60 daga tsakiya, yana ba da gocewar rabin milimita, wadda a f/22 ita ma maikiron 24 ce. Hazo iri ɗaya, amma ɗaya za a ƙara shi sau 4, ɗaya sau 12. Wannan ne ya sa mutum zai yi shekaru da kyamarar da ba ta miƙe sosai ba bai sani ba, ranar da ya ɗaura sensa ta fallasa.

Gyaran ya ɗauki haƙuri. Muka jingina ƙaramin madubi shafe da bango daidai tsakiyar jaridun, muka yi ta gyara tsayuwar kyamara har lens ɗin ya ga kansa a tsakiyar hoton, alamar yana fuskantar bango sak. Sannan muka ƙara girman abin da sensa ke gani a allon bayan kyamara, muna leƙa gefen hagu, muna leƙa gefen dama, muna juya bayan da ɗan yatsa kaɗan-kaɗan har wani ƙaramin rubutun talla da ke gefen hagu ya fito tar a lokaci guda da layin kwanan wata da ke gefen dama. Da aka ƙulle, sai aka sake dubawa, domin ƙullewar kanta takan motsa shi.

Baƙin da ya koma toka kuwa, tocila ce ta nuna mana tushensa. Da'irar hoto mai faɗin milimita 210 tana zuba haske a fili mai yawa, sensar kuma ba ta kai kashi 5 cikin ɗari na wannan fili ba. Sauran hasken duk yana faɗawa cikin zugazugi, wato baƙar jakar da ke haɗa gaban kyamara da bayanta, da jikin adafta. Muka cire kyamarar dijital, muka haska tocila ta gaban lens, muka leƙa ta baya: bakin adaftar yana da wani zoben ƙarfe mai sheƙi da ke maido haske kai tsaye inda sensa take, ita ma sensar fuskarta tana sheƙi fiye da ta fim. Muka lulluɓe zoben da baƙar takarda mai gashi-gashi, muka sa wa lens rumfa a gaba don ta tare hasken da ba a bukata. Nan take baƙi ya dawo baƙi. Da yawan abin da mutane ke kira rashin kaifi, rashin bambanci ne tsakanin haske da duhu, kuma a kan allo ba kasafai ake rarrabe su ba.

Saura ƙananan abubuwa biyu. Tunda marufin lens a buɗe yake zama, kyamarar dijital ce ke ɗaukar hoton da nata marufin, wanda bugunsa ke girgiza dogon zugazugi. Muka koma marufin lantarki da jinkirin daƙiƙoƙi kaɗan. Kuma muka daina saiti a f/5.6 sannan a tsuke, yadda ake yi a fim, muka riƙa saiti a ƙofar da za a ɗauka, domin a irin waɗannan lens wurin da hoto ya fi tsayawa yakan ɗan gusa idan an tsuke. A f/22 zurfin saiti yana haɗiye wannan gusawar, a f/8 ba ya haɗiyewa.

Sai ga lens ɗin ya nuna ainihin halinsa. A f/5.6 haruffa suna nan amma da wani ɗan hazo kewaye da su, ga jirwayen shuɗi-ja da kore a bakin manyan baƙaƙen kanun labarai. A f/8 hazon ya janye. A f/11 ya fi ko'ina kyau, har zaren takardar jaridar ana gani tsakanin layuka. A f/16 ya fara komawa baya, a f/22 kuwa laushin farko ya dawo, sai dai yanzu hagu da dama daidai suke. Wannan shi ne tsarin da ake sa rai daga lafiyayyen lens na wannan ƙira: aibin gilashi yana raguwa idan ana tsukewa, bazuwar haske tana ƙaruwa, su haɗu a tsakiya.

A faɗi gaskiya, a buɗe bai kai lens ɗin da aka ƙera don sensa ba, kuma ba zai kai ba. Lokacin da bayan dijital, wato sensa da ake ɗaurawa a gurbin fim, ya shigo, Schneider ya fito da jerin Apo-Digitar, Rodenstock ya fito da Apo-Sironar digital sannan HR Digaron, waɗanda yawancinsu aka rage musu da'irar hoto don su kai ƙololuwar kaifi a ƙofa mai faɗi, wajen f/8. Maƙerin lens yana da zaɓi ne: ya baza gyaransa a fili mai faɗin milimita 210, ko ya tattara shi a fili ƙarami. Na abokina an baza nasa, kuma wannan bazawar ce ya saya tun farko.

A nan ne nake ganin gwajin sensa ya fi yaudarar mutane, ta ɓangaren yabo da ta ɓangaren zargi duka. Kusurwar sensa milimita 27 ce daga tsakiya. Kusurwar fim 4×5 milimita 77 ce, kuma idan an ɗaga gaba don a kama saman gini, sai ta kai 100. Duk abin da muka gani a sama labarin tsakiya ne kawai. Lens zai iya cin jarrabawar sensa da kyau alhali gefen da'irarsa ba shi da daɗi, kuma gefen ne mai ɗaukar gine-gine yake rayuwa a kansa. Muka gwada gusar da sensar zuwa can, amma sakamakon ba abin dogaro ba ne. A tsakiya haske yana sauka kusan a tsaye, a kusurwar sensa bai wuce karkatar digiri 10 ba. A milimita 77 kuwa ya kai digiri 27. Sensa tana zaune a cikin rami a jikin kyamara, bakin ramin yana tare hasken da ya zo a karkace. Gabanta kuma akwai gilasan kariya da na tace haske, masu kaurin milimita ɗaya zuwa huɗu gwargwadon kyamara, waɗanda wanda ya zana wannan lens bai sa su a lissafinsa ba, domin fim tsirara yake karɓar haske. Hasken da ya ratsa wannan gilashi a karkace yakan sami aibin da ba daga lens ya fito ba. Don haka abin da sensa ta faɗa game da gefen da'ira ya fi gaskiyar lamarin muni. Wanda zai ba da labarin gefe shi ne fim.

Fim ma da nasa

Kada a ɗauka fim alƙali ne mai adalci ta kowace fuska. Nasa matsalolin sun fi ɓuya ne kawai.

A sensa, abin da ka saita a kansa shi ne abin da zai ɗauki hoton. A fim kuwa, kana saiti a gogaggen gilashin da ke bayan kyamara, sannan ka zura mariƙi ka yi fatan fim ɗin ya zauna daidai inda gilashin yake. Ƙa'idar Amurka ta mariƙin 4×5 ta sa zurfinsa inci 0.197, da sassaucin inci 0.007 sama ko ƙasa, wato kusan milimita 0.18. Mariƙin da ya goce da wannan adadi bai karya ƙa'ida ba, amma a f/5.6 zai jawo hazon maikiron 32. A f/22 hazon ya ragu zuwa 8, ya ɓace a ƙarƙashin faifan Airy. Ga kuma fim ɗin kansa, wanda siririn falle ne mai santsi da ke zaune cikin 'yan layukan ƙarfe, yana iya ɗan kumburo a tsakiya. Shi ya sa gwajin lens a buɗe a kan fim 4×5 yakan zama gwajin mariƙi. Da yawa daga cikin masu cewa lens kaza sai a f/22 yake fara kyau, mariƙinsu ne yake bukatar f/22.

Don haka muka fara da awon wannan. Muka jingina rula a karkace, kanta ɗaya kusa da kyamara ɗaya nesa, muka saita a kan lambar da ke tsakiyarta da madubin ƙari, muka ɗauka a f/5.6 da mariƙai daban-daban, kowane an rubuta masa lamba a ɗan kati a cikin hoton. Da aka wanke, a yawancinsu lambar da aka saita ita ce ta fito fes, na gaba da na baya suna narkewa daidai wa daida. A guda ɗaya kaifin ya koma baya, ya sauka a wasu zane-zanen rular da ba su muka nufa ba. Wani tsohon mariƙi ne da bakinsa ya ɗan lanƙwashe. Muka ajiye shi gefe.

Fim ɗin da muka sa shi ne Kodak T-Max 100, saboda kamfanin ya bayyana ƙarfinsa a takardar bayani: layi 200 a milimita idan bambancin haske da duhu ya kai 1000 da 1, amma 63 kacal idan bambancin 1.6 da 1 ne. Wannan tazara tana koyar da abu babba. Sensa tana riƙe bambanci da ƙarfi har kusa da iyakarta, sannan ta yanke, abin da ya wuce nan ya zama zane-zanen ƙarya. Fim ba shi da irin wannan katanga. A hankali yake sakin bambanci, siraran layuka suna nan amma suna dushewa cikin ƙananan ƙwayoyin da hoton fim ke samuwa da su. Akwai wani tsohon lissafi na kintace da masu hoto ke amfani da shi don haɗa ƙarfin lens da na fim: ɗaya bisa jimla daidai yake da ɗaya bisa na lens a tara da ɗaya bisa na fim. Idan aka sa 68 na f/22 da 200, ana samun wajen 50. Idan aka sa 68 da 63, ana samun wajen 33. Raba su da 4, bugun 16×20 zai ɗauki tagwayen layi 8 zuwa 12 a milimita, ido kuwa a nesan karatu 5 zuwa 8 yake rarrabewa. Ga dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa kuka da hotunansa.

Sai yadda za a duba nagetif ɗin. Abokina ya so ya sa shi a sikana ta tebur, ya buɗe a kwamfuta kusa da na sensa. Na hana, aƙalla a matakin farko. Irin waɗannan sikana sukan rubuta ɗigo 6400 a inci, amma abin da suke iya rarrabewa a zahiri bai cika wuce 2400 ba, wato tagwaye 47 a milimita, kuma a can ƙarshen bambancin ya yi rauni ƙwarai. Lens ɗin sikana da tsayin da fim ya zauna a kan gilashinta duk sun shiga cikin sakamakon. Mai gwada lens ta wannan hanya sikanarsa yake gwadawa. Muka ɗora nagetif a kan allon haske, muka ɗauke shi da ita kanta kyamarar dijital da lens na kusa a girman ɗaya da ɗaya, tsakiya daban, kusurwa daban. A nan sensar ta yi aikin da ta fi dacewa da shi, ta zama madubin bincike.

A tsakiya, f/16 da f/22 kusan ba a rarrabe su, f/11 ta ɗan fi su idan an ƙura ido, f/32 ta fara laushi, f/45 kuwa ko ba a ƙura ba. A kusurwa labarin ya juya: f/8 ba ta da kyau, f/11 da sauƙi, sai a f/16 zuwa f/22 kusurwa ta kamo tsakiya. A hoton da aka ɗaga gaba sosai, f/22 ce kaɗai ta riƙe saman. Sensa ta ce f/11, fim ya ce f/22, kuma kowanne ya faɗi gaskiya game da yankin da ya gani.

Wani zai tambaya me ya sa ba mu yi amfani da allon gwaji na ƙa'ida ba. Akwai su. Allon sojan saman Amurka na 1951, mai rukunonin layi uku-uku da ke ƙara sirancewa, yana nuna inda layuka suka ɓace, sai dai mutum biyu za su kalli nagetif ɗaya su yi gardama a kan rukunin ƙarshe da ake gani. Hanyar karkataccen baki ta ƙa'idar ISO 12233, inda manhaja ke auna yadda baƙi ke sauyawa zuwa fari a bakin da aka karkata wajen digiri 5, ta fi tsafta, kuma a kan sensa ba ta da tamka muddin an kashe ƙarin kaifin da manhajar buɗe hoto ke sawa da kanta. A fim kuwa sai an bi ta sikana, ga ƙwayoyi, ga yadda ruwan wanki ke ƙara wa baki ƙarfi, lambobin da za su fito ba za su zauna a ma'auni ɗaya da na sensa ba. Tambayar abokina ita ce ko lens ɗinsa lafiya yake kuma ko zai ci gaba da aiki da shi. Jarida a bango ta isa amsa wannan.

A kan takarda

Gwajin ƙarshe shi ne wanda ya dace da sana'arsa. Lens mai milimita 150 a fim 4×5 yana gani kamar idon mutum, a ƙaramar sensa kuwa ya zama mai jawo nesa, don haka muka ja kyamara baya kusan ninki uku har sensa ta kama faɗin bangon da fim ya kama. Aka buga hotuna uku a 16×20: fim a f/22, sensa a f/22, sensa a f/11. Aka jera su ba tare da an rubuta wanne ne wanne a gaba ba.

Daga nesan taku biyu ba wani bambanci. Da ya matso ya ɗauke su a hannu, nan da nan ya ware na sensa a f/22, ya ce wannan ya yi sanyi. Sauran biyun ya daɗe a kansu. Na sensa a f/11 bakin haruffansa ya fi yankewa, farin takarda sumul. Na fim bakin haruffansa ya fi taushi kaɗan, amma ƙananan rubutun da ke ƙasan talla ana karanta su har kusurwa, kuma sauyin haske a jikin bango yana tafiya a hankali ba tsalle.

"Wannan nawa ne," in ji shi, yana nuna na fim. "Amma wancan ma ba zan ji kunyar miƙa shi ba."

"To ɗan'uwa, lens ɗaya ne ya yi su duka."

Bai sayar ba. Ya manna 'yar takarda a allon lens ɗin: fim f/22, sensa f/11, a sake saiti bayan tsukewa. Idan aiki ya bukaci babban bugu daga dijital, yakan gusar da sensa a bayan lens ɗin ya ɗauki hoto biyu ko uku ya haɗe su, yana tsayawa a yankin da haske bai karkata sosai ba. Da haka filin da ya ɗauka ya ƙaru, ƙarin da za a yi a bugu ya ragu, rarar da'irar ta sake yi masa amfani.

Yana da lens na biyu, mai faɗin gani, milimita 65. Shi ma ya bi da shi ta waɗannan matakai, amma sakamakon ya bambanta. Bayan wannan lens yana zama kusa da sensa ƙwarai, haske yana isa kusurwa a karkatar da ta haura digiri 20 tun ba a gusar da komai ba, sai gilashin kariya ya ja kusurwoyi su yi jirwaye, launi kuma ya rinjaya daga wannan gefe zuwa wancan. Rinjayen launin ana gyara shi da hoton farin allo da ake ɗauka bayan kowane hoto, amma jirwayen kusurwa ba ya gyaruwa. A nagetif ɗin 4×5 kuwa kusurwoyinsa a f/22 tsaf suke. Shi kam ya bar wa fim shi.